Haƙƙin Zaɓe a Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya: Darasi Daga Ƙaramar Hukumar Gezawa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci haƙƙin zaɓe kamar yadda kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya tanada, ta kuma ɗauki ƙaramar hukumar Gezawa ta jihar Kano a matsayin madubin dubawa. An bi tarihin yadda haƙƙin ya faɗaɗa a ƙasar Kano tun daga zaɓen matakai na 1951 har zuwa yau, sannan aka zayyano sassan kundin da suka yi magana a kansa. Maƙalar ta kasa haƙƙin zuwa matakai huɗu: yin rajista, kaɗa ƙuri'a, ƙirga ƙuri'ar, da kuma samun iko ga wanda aka zaɓa. Nazarin ya gano cewa an warware tambayar wanda ya cancanci yin zaɓe tun a 1979, amma matakai biyu na ƙarshe suna da rauni har yanzu, kuma raunin ya fi tsananta a matakin gwamnatin da ta fi kusa da manomi, wato ƙaramar hukuma.

1.0 Gabatarwa

Gezawa tana arewa maso gabas da birnin Kano, a kan hanyar da ta nufi Gumel da Haɗeja. Tana cikin yankin nan na karkarar Kano da ya yi suna wajen cunkoson jama'a da ƙarancin fili, inda ake noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Masanin labarin ƙasa Farfesa Michael Mortimore da abokan aikinsa sun yi bincike a ƙauyen Tumbau na wannan ƙaramar hukuma a kan yadda manoma suke riƙe albarkar ƙasarsu da takin gida da kiwo da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda. A irin wannan wuri, buhun taki da hanyar kai amfani kasuwa da asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare su ne gwamnati a idon talaka.

Mutumin Jogana ko Wangara ko Tsamiya Babba da ya yi rajista yana da damar zaɓen masu riƙe da kujeru bakwai: shugaban ƙasa, sanatan Kano ta Tsakiya, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Gezawa da Gabasawa, gwamna, ɗan majalisar dokokin jiha, shugaban ƙaramar hukuma, da kansilan mazaɓarsa. Biyar na farko hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce take shirya su. Biyu na ƙarshe kuwa suna hannun hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wane tabbaci doka ta ba wannan mutumi cewa ƙuri'arsa za ta yi aiki, kuma a ina tabbacin yake yankewa?

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

Tsarin mulki shi ne dokar da ta kafa gwamnati, ta rarraba iko tsakanin sassanta, ta kuma shata iyakar da masu mulki ba za su ƙetare ba a kan waɗanda suke mulka. Sashe na 1 na kundin 1999 ya ɗora shi a kan kowace hukuma da kowane mutum a ƙasar, ya kuma ce duk dokar da ta ci karo da shi ta rushe gwargwadon cin karon. Wannan shi ake kira fifikon tsarin mulki. Ma'anarsa a aikace ita ce dokar da Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi game da ƙananan hukumomi ba ta da ƙarfi sai idan ta dace da kundin.

Ikon jama'a kuma shi ne aƙidar da ta ce asalin mulki na mutanen ƙasa ne, masu riƙe da kujeru aro suka karɓa. Sashe na 14(2) ya faɗi haka, ya ƙara da cewa dole ne a tabbatar jama'a suna shiga cikin harkar gwamnatinsu. Zaɓe shi ne hanyar da ake ba da wannan aro, kuma da shi ake karɓe shi.

Haƙƙin zaɓe yana da fuska biyu: mutum ya zaɓa, da kuma a zaɓe shi. Masana kimiyyar siyasa suna auna ingancinsa da sharuɗɗa sanannu. Ya zama na kowa ne ba tare da duba jinsi ko dukiya ko asali ba. Ƙuri'ar kowa ta zama daidai da ta kowa. A kaɗa ta a asirce. A kaɗa ta kai tsaye ga ɗan takara. Kuma a riƙa maimaita zaɓen a kan lokaci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa sai da aka yi gwagwarmaya kafin a same shi a ƙasar Kano.

3.0 Yadda Haƙƙin Ya Faɗaɗa a Ƙasar Kano

3.1 Zamanin En'e da Zaɓen Matakai

A ƙarƙashin mulkin Turawa, talakan gundumomin Kano yana ƙarƙashin mai unguwa da dagaci da hakimi, su kuma suna ƙarƙashin Sarki, wanda shi ne En'e. Alaƙar talaka da hukuma ta fi bayyana a wajen biyan haraji da jangali. Ba shi da hannu a naɗa kowa daga cikin waɗannan shugabanni, ba shi kuma da hanyar sauke su.

Tsarin mulkin Gwamna Makfasan na 1951 ne ya fara kawo zaɓe a Jihar Arewa, amma zaɓe ne na hawa-hawa. Maza masu biyan haraji suna zaɓen wakilai a matakin ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai ga taron ƙarshe na lardi wanda shi yake fitar da 'yan majalisa. An kuma ba En'e damar cusa nata mutanen cikin taron ƙarshen. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ko ɗan takararta ɗaya bai tsallake matakin ƙarshe ba. Darasin da ke cikin wannan shi ne ana iya ba mutum ƙuri'a a hannu, sannan a tsara hanyar da za ta bi ta yadda ba za ta kai inda ya aika ta ba. Shi ya sa zaɓe na kai tsaye ya zama ɗaya daga cikin manyan buƙatun Malam Aminu Kano da mabiyansa.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 aka yi zaɓe kai tsaye kuma a asirce a dukkan mazaɓun Arewa. Sai dai maza baligai kaɗai aka yarda su yi, alhali matan Kudu sun kaɗa tasu ƙuri'ar a wannan zaɓe.

3.2 Shigowar Mata da Matasa

Duk tsawon Jamhuriya ta Farko, macen Gezawa ba ta da ƙuri'a. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, ta sha ɗauri sau da dama a kan fafutukar siyasa, ciki har da neman wannan haƙƙi. Abin lura a nan shi ne 'yan'uwanta Hausawa na Maraɗi da Damagaram sun samu ƙuri'a tun 1956, lokacin da Faransa ta yi dokar da ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar zaɓe a ƙasashen da take mulka. Al'umma ɗaya ce, addini ɗaya, al'ada ɗaya, amma tazarar shekara 20 ta shiga tsakani. Wannan ya nuna cewa hana matan Arewa zaɓe shawara ce ta masu mulkin wancan lokaci, wadda doka ta ɗaure wa gindi.

Sai a 1976, ƙarƙashin gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo, aka buɗe wa matan Arewa ƙofa, kuma a zaɓen ƙananan hukumomi na wannan shekara suka fara kaɗa ƙuri'a. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ne kuma ya kawar da tsarin En'e, ya kafa majalisun ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar. Kundin 1979 ya tabbatar da haƙƙin ga kowane ɗan ƙasa, ya kuma sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18. A zaɓen wannan shekara jam'iyyar PRP ta ci jihar Kano, kuma gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Manomin da a da takardar haraji ce shaidarsa ta shiga zaɓe, ya wayi gari ƙuri'arsa ta ɗauke masa harajin.

Faɗaɗawa ta baya-bayan nan ta shafi fuska ta biyu, wato tsayawa takara. Gyaran kundin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na majalisar jiha kuma daga 30 zuwa 25.

4.0 Matsayin Haƙƙin a Kundin 1999

Ɗalibi da ya buɗe Babi na Huɗu na kundin, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan Adam kamar rayuwa da mutunci da faɗar albarkacin baki, ba zai ga haƙƙin zaɓe a cikin jerin ba. A warwatse yake a wasu sassa. Sashe na 77(2) ya ce duk ɗan Nijeriya da ya kai shekara 18, kuma yake zaune a ƙasar a lokacin rajista, ya cancanci a yi masa rajistar zaɓen majalisa. Sashe na 117(2) ya maimaita haka game da majalisar jiha. Sashe na 132(5) da na 178(5) sun ce wanda ya yi wannan rajista shi ne mai zaɓen shugaban ƙasa da gwamna. Sashe na 7(4) kuma ya wajabta wa gwamnatin jiha ta tabbatar duk wanda yake da damar zaɓa ko a zaɓe shi a majalisar jiha yana da irin wannan dama a zaɓen ƙaramar hukuma.

Wannan tsari yana da illa biyu. Ta farko, sashe na 14 da ya yi maganar ikon jama'a yana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta bi abin da ke cikin wannan babi. Ta biyu, dokokin zaɓe sun keɓe damar ƙalubalantar sakamako ga ɗan takara da jam'iyyarsa. Mai zaɓen da aka zubar da ƙuri'arsa ba shi da hurumin shigar da ƙara a kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da sunan kansa. Iyakarsa ya zama mai ba da shaida.

Duk da haka haƙƙin yana da madogara. Sashe na 40 ya kare 'yancin shiga jam'iyya, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila ko ra'ayin siyasa, kuma dukansu suna cikin Babi na Huɗu. Haka nan sashe na 13 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Nijeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983, ya ba kowane ɗan ƙasa damar shiga harkar mulkin ƙasarsa, kai tsaye ko ta hannun wakilan da ya zaɓa.

5.0 Matakai Huɗu na Haƙƙin Zaɓe

5.1 Rajista

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba mutum damar yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito, amma a wuri ɗaya tak, kuma dole ya je da kansa. A rumfar da sunansa yake ne kaɗai zai iya zaɓe. Wannan sharaɗi yana da nauyi na musamman a Gezawa. An yi manyan zaɓuɓɓukan ƙasa na 2023 a watannin Fabrairu da Maris, tsakiyar rani, lokacin da matasan yankunan da fili ya yi ƙaranci suke tafiya ci-rani birnin Kano da Abuja da Legas da sauran garuruwa. Doka ta yarda a sauya wurin rajista, amma sai an nema tun kafin zaɓe da lokaci mai tsawo. Ɗan ci-rani da zai dawo gida da faɗuwar ruwan farko ba ya ganin dalilin sauyawa, kuɗin motar dawowa ranar zaɓe kuma ba kowa yake da shi ba. Ta haka ne mutum yake rasa ƙuri'arsa ba tare da kowa ya hana shi ba.

Rajista tana lalacewa ta wata fuskar kuma, idan aka shigar da wanda bai cancanta ba. Bayan zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 10 ga Fabrairu 2018, hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a sun bazu a kafofin sada zumunta, har INEC ta kafa kwamitin bincike. Kowace ƙuri'ar bogi tana kashe ƙuri'a ɗaya ta gaskiya, don haka barin yaro ya yi zaɓe tauye haƙƙin babba ne.

5.2 Kaɗa Ƙuri'a

A ranar zaɓe ana tantance mai zaɓe da katinsa da na'urar BVAS, wadda take duba zanen yatsa ko fuska. Dokar ta tanadi taimako ga makafi da sauran masu buƙata ta musamman, ta kuma yarda a raba layin maza da na mata a wuraren da al'ada ba ta yarda da cuɗanya ba, abin da yake sauƙaƙa wa matan aure fitowa a karkarar Kano.

Babbar barazana a wannan mataki ita ce sayen ƙuri'a. Rabon taliya da sabulu da atamfa da 'yan kuɗi a jajibirin zaɓe ya zama abin da kowa ya sani a siyasar Kano. Doka ta ɗauki mai bayarwa da mai karɓa duka a matsayin masu laifi. Asirta ƙuri'a shi ne garkuwar talaka a nan, domin mai saye ba ya biya sai yana da hanyar tabbatar da an cika masa alkawari. Duk rumfar da aka ajiye wurin dangwale a inda wakilin jam'iyya zai iya leƙawa, an mayar da ita kasuwa.

5.3 Ƙirga Ƙuri'a

Shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023 ta zama darasi a kan wannan mataki. INEC ta bayyana Injiniya Abba Kabir Yusuf na NNPP da ƙuri'a 1,019,602, Dakta Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma da 890,705. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba Kabir, bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi da sa hannu da kwanan wata, ta kuma ba Gawuna nasara. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta goyi bayan sauke gwamnan a watan Nuwamba, ta kafa hujja har da batun zamansa ɗan jam'iyya. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin kotunan biyu, ta mayar da ƙuri'un, ta kuma ce tsayar da ɗan takara harka ce ta cikin gidan jam'iyya.

Abin da ya shafi ɗalibin tsarin mulki a nan ya wuce wanda ya ci da wanda ya faɗi. Buga hatimi a bayan takardar ƙuri'a aikin jami'in rumfa ne. Mai zaɓe ya bi layi, an tantance shi, an miƙa masa takarda, ya dangwala. Idan aka soke ƙuri'arsa saboda sakacin jami'i, an hukunta wanda bai yi laifi ba. Sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya hango wannan, domin ya ba jami'in tattara sakamako damar ƙirga takardar da ba ta da alamar hukuma idan ya gamsu cewa daga littafin da aka kawo rumfar ta fito. A ɗaya ɓangaren kuma, hatimin shi ne abin da yake bambanta takardar gaskiya da ta cushe, don haka masu cewa a tsaurara suna da tasu hujjar. Aikin kotu shi ne ta auna tsakanin kare niyyar mai zaɓe da toshe ƙofar maguɗi, kuma nauyin kawo hujjar maguɗin yana kan wanda ya yi zargi.

5.4 Iko ga Wanda Aka Zaɓa

Ko da matakai ukun farko sun tafi daidai, ƙuri'a ba ta da amfani idan kujerar da aka zaɓi mutum a kanta ba ta da iko ko kuɗin aiki, ko kuma ana iya tsige shi ba bisa ƙa'ida ba. A matakin ƙaramar hukuma wannan matsala ta fi fitowa fili.

6.0 Ƙaramar Hukuma: Inda Igiyar Ta Fi Sirancewa

Sunan Gezawa yana rubuce a Jadawali na Farko na kundin, cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano da 774 na ƙasa. Sashe na 7(1) ya ba da tabbacin cewa majalisun da jama'a suka zaɓa ne za su gudanar da ƙananan hukumomi. Jadawali na Huɗu ya lissafa ayyukansu: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, maƙabartu, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kuma hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Waɗannan su ne ainihin buƙatun mazaɓun Gezawa 11, daga Babawa zuwa Ketawa.

Amma kundin da ya ba da wannan tabbaci shi ne kuma ya damƙa makullan a hannun jiha ta hanyoyi uku. Na ɗaya, sashe na 7(1) ya bar wa dokar jiha tsara kafuwa da fasali da kuɗin ƙananan hukumomi, har da tsawon wa'adinsu. Na biyu, sashe na 197 da 198 sun kafa hukumar zaɓe ta jiha, suka ba gwamna ikon naɗa mambobinta da amincewar majalisar jiha. Na uku, sashe na 162(6) ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ta cikinsa kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya yake bi.

Sakamakon zaɓuɓɓukan ya nuna tasirin wannan tsari. A zaɓen Janairu 2021, APC mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun shugabanni 44 da na kansiloli 484 gaba ɗaya. A zaɓen 26 ga Oktoba 2024, NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 da 484 ɗin nan gaba ɗaya. A duka zaɓuɓɓukan biyu manyan 'yan hamayya sun ƙaurace ko sun yi watsi da tsarin, na 2024 kuma an yi shi ne cikin hukunce-hukuncen kotuna masu karo da juna game da cancantar shugabannin KANSIEC. Jihar da ratar da ke tsakanin manyan 'yan takarar gwamna biyu a 2023 ba ta kai ƙuri'a 130,000 ba, da wuya hankali ya karɓi cewa babu mazaɓa ko ɗaya cikin 484 da jama'arta suka fi son wata jam'iyya. Wannan hali bai keɓanta ga Kano ko ga jam'iyya ɗaya ba. Kusan kowace jiha a ƙasar haka sakamakon yake fitowa. Tushen cutar yana cikin tsarin da ya sa alƙalin wasa ya zama naɗaɗɗen ɗaya daga cikin masu wasan.

Hanya ta biyu da ake bi a kewaye ƙuri'a ita ce naɗa kantomomi ko kwamitocin riƙo. Gezawa, kamar sauran ƙananan hukumomin Kano, ta sha zama a hannun irin waɗannan naɗaɗɗu, na baya-bayan nan shi ne a 2024 bayan ƙarewar wa'adin waɗanda aka zaɓa a 2021. Kotun Ƙoli ta daɗe tana yin tir da rushe zaɓaɓɓun majalisu. A watan Mayu 2021 ta yanke hukuncin cewa rushe majalisun ƙananan hukumomin jihar Katsina da aka yi a 2015 ya saɓa wa kundin, ta ba da umarnin a biya waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. Sai dai hukuncin ya zo bayan wa'adinsu ya daɗe da wucewa. An biya 'yan siyasa, amma masu zaɓen da aka ƙwace wa wakilci ba su samu diyyar komai ba.

Hukunci mafi girma shi ne na ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36. Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ko maye gurbinta da kwamitin riƙo, kuma a riƙa biyan kason ƙananan hukumomi kai tsaye ga waɗanda suke da zaɓaɓɓun shugabanni. Wasu masana shari'a sun soki hukuncin da cewa ya tsallake lafazin sashe na 162(6), wanda bai gushe yana cikin kundin ba. Masu goyon baya kuma suka ce kotun ta bi manufar sashen ne, domin an kafa asusun ne don kuɗin su isa ƙananan hukumomi, jihohi kuma suka mayar da shi hanyar riƙe su. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jan ƙafa. Ya kuma bar babbar matsala ɗaya yadda take: bai taɓa yadda ake naɗa hukumar zaɓe ta jiha ba. Idan kuɗi suka zo kai tsaye ga shugaban da ya san gidan gwamnati ne ya ɗora shi, biyayyarsa za ta ci gaba da fuskantar Kano, ba Tumbau ba.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, maƙalar tana ba da shawarwari huɗu. Na farko, a shigar da haƙƙin zaɓe ƙarara cikin Babi na Huɗu, domin mai zaɓe ya samu hurumin kare ƙuri'arsa a kotu da sunan kansa. Na biyu, a gyara sashe na 197 da 198, ko dai a miƙa zaɓen ƙananan hukumomi ga INEC, ko a cire naɗin mambobin hukumar jiha daga hannun gwamna shi kaɗai. Kowace daga cikin hanyoyin biyu tana da illarta, domin ta farko tana ƙara tara iko a tarayya, amma barin abin yadda yake ya fi su muni. Na uku, a rubuta wa'adin majalisun ƙananan hukumomi a cikin kundin, kamar yadda aka rubuta na gwamna, a kuma daidaita sashe na 162 da hukuncin 2024. Na huɗu, a sauƙaƙa sauya wurin zaɓe ga 'yan ci-rani, a kuma yawaita fassara da karantar da sassan kundin da Hausa a rediyo da makarantu da majalisun unguwa, musamman Jadawali na Huɗu, domin wanda bai san aikin kansila ba ba zai tuhume shi a kan rashin yinsa ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun haƙƙin zaɓe a ƙasar Kano daga zaɓen matakai na 1951, zuwa zaɓen maza zalla na 1959, zuwa shigowar mata a 1976 da tabbatar da ƙuri'ar kowane ɗan shekara 18 a 1979. Ta nuna cewa kundin 1999 ya amince da haƙƙin amma ya warwatsa shi, bai kuma ba mai zaɓe hanyar kare shi kai tsaye ba. Daga cikin kujeru bakwai da mutumin Gezawa yake zaɓa, biyun da suka fi kusa da gonarsa da kasuwarsa da makarantar 'ya'yansa su ne waɗanda ƙuri'arsa ta fi rashin tasiri a kansu. 'Yan NEPU sun yi fama da taron ƙarshe na lardi wanda yake tace zaɓin talaka kafin ya isa majalisa. Aikin da ya rage wa masana shari'a da 'yan majalisa da masu zaɓe na wannan zamani shi ne gyara sashe na 7 da 162 da 197 da 198, domin a cire irin wannan matata daga tsakanin rumfar zaɓe da sakatariyar ƙaramar hukuma.